Rijiyar da Na'ura Ta Kai Ƙasar Sakkwato

Shekarar da aka sa ni cikin kwamitin sasanta rikicin ƙasa, ina koyar da labarin ƙasa a kwaleji a Tasawa. Ba don labarin ƙasar aka sa ni ba. Takarda ce ta zo daga sama ta ce dole a samu mace ɗaya cikin kwamitin, diraktanmu ya duba jadawali ya ga ni ce ba ni da aji ranar Alhamis, ya rubuta sunana. Zama uku na yi ba wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa. Ina zuwa in sa hannu, in zauna kusa da taga, in saurari manyan maza suna maimaita abin da sakataren perfe, wato sakataren shugaban gundumarmu, ya faɗa, kowa da irin tasa muryar.

Ana haka rikicin wata rijiya ya taso a yankin Kona. Tsohuwar rijiya ce a bakin burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, kuma tun da can Fulanin wurin suke shayarwa a cikinta. Wani alhaji mai sayen hatsi ya sayi gonaki uku a gefen, ya ja waya ya zagaye su, wayar ta haɗa har da rijiyar. Ya ce cikin cinikinsa take, lambu zai yi. Ardon Fulanin ya kawo ƙara, ya ce yana da takarda tun ta zamanin Turawa. Shi alhajin ban taɓa jin haushinsa sosai ba. Ya san abin da yake so, bai kuma yi ƙaryar ya san wani abu ban da shi ba.

Da maganar ta fi ƙarfin kwamiti aka aiko mana ƙwararre daga Yamai. Haka aka gabatar da shi, haka kuma yake kiran kansa ko a gaisuwa. Mutum ne da bai kai arba'in ba, sanye da wata riga marar hannu mai aljihuna kamar goma, na'urar GPS rataye a wuyansa ko sallah zai yi. Yana jin Hausa tas. Da kunnena na ji shi a bayan biro, wato ofis, yana waya da mahaifiyarsa cikin Gobiranci mai kyau. Amma da zarar ya ga mutanen ƙauye sai Hausar ta ɓace masa, sai Faransanci, yana jan kalmomi ta hanci. Saboda haka aka ce ana buƙatar tafinta, kuma a karon farko kwamiti ya tuna ina nan.

Muka tafi da hantsi a katkat, motar shiga daji, bayan girbi, kara na tsaye a gonaki. Mun tarar da mutane kamar talatin a bakin wayar. Ardo dattijo ne siriri, mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. Ya buɗe wani gwangwani, ya fito da jakar fata, daga cikinta ya zaro takarda da ta yi launin ƙasa, an naɗe ta gida huɗu. Ya ce a zamanin kakansa wani Bature ya sauka a nan ya yi kwana uku yana duban taurari da wani ƙarfe, da zai tafi ya rubuta wannan ya ba kakan, ya ce shaida ce rijiyar da hanyar na dabbobi ne.

Ƙwararre ya karɓi takardar da yatsu biyu, kamar an miƙa masa tsumman yara. Ya hau bakin rijiyar, ya ɗaga na'urarsa sama, ya tsaya yadda kowa zai gan shi, sannan ya karanto lambobin da ta ba shi da ƙarfi. Ya karanto na takardar. Ni kuma ina rubutawa a kayena, littafin rubutuna, don kada in yi kuskuren fassara. Ya danna lambobin takardar cikin na'ura, ya duba, ya yi wata ƴar dariya, ya nuna wa sakatare. Sakatare bai ga komai ba don rana ta haske gilashin, amma ya yi dariyar shi ma.

"Madam," in ji ƙwararre da Faransanci, "ki faɗa masa rijiyar da ke cikin takardarsa ba wannan ba ce. Tasu tana can yamma, kudu da Madawa, ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Sakkwato. In ruwa suke so, su koma inda suka fito."

Na fassara, na bar ƙarshen maganar. Sai ya juyo ya ce da ni da Hausa, wadda ta dawo masa nan take, "Ki faɗa mishi duka."

Na faɗa. Ardo ya dubi rijiyar, ya dube ni, bai ko dubi ƙwararre ba.

"Ɗiyata," ya ce, "tambaye shi. Kakana bai taɓa wuce Maradi ba har ya mutu. Yaya aka yi ya gina rijiya a Sakkwato?"

Ƙwararre ya ce shi ba tarihin kakanni ya zo saurare ba, tauraron ɗan Adam ba ya ƙarya. Ya miƙa takardar ba tare da ya buɗe naɗinta na ƙasa ba. Alhaji ya yi hamdala a hankali. Ƴan kwamiti suka fara gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya, kowa yana satar kallon sakatare don ya ga saurin da ya dace a gyaɗa.

Ni kuwa idona na kan kayena. Lambobi biyu ne ke nuna wuri a bayan ƙasa, ɗaya na faɗin nisansa arewa, ɗaya na faɗin nisansa gabas. Lambar arewa ta takarda da ta na'ura kusan ɗaya suke. Ta gabas ce ta sha bamban: na'ura ta ce digiri takwas da ɗan kai, takarda ta ce biyar da wani abu. Na ɗebe wannan daga wannan a gefen shafi. Digiri biyu da minti ashirin. Duk wanda ya koyar da labarin ƙasa a lakwal, wato makarantar boko, irin tamu ya san wannan lamba kamar lambar wayarsa.

Darasi ne da nake yi duk shekara da ƴan aji na farko, da tsohon ƙwallon duniyarmu da ya lotse ta wajen teku. Duniya tana juyawa ne a kan wani layi da ya ratsa ta, kuma juyawar da kanta ce ta ba mu ƙuryar arewa da ƙuryar kudu da ɗamarar da ke tsakiya. Wannan ba wanda ya zaɓa, don haka ba a gardama a kansa. Amma daga gabas zuwa yamma abu mai juyawa ba shi da farko. Nakan ce wa yara su tuna da azumi: mu a Tasawa mukan sha ruwa, in kira ƙanwata a Yamai in tarar tana jiran kiran sallah da sauran minti ashirin da wani abu. Rana tana bin ƙasa ne a jere, kowane gari da nasa lokacin, kuma babu garin da aka rubuta wa sifili a goshi. Dole mutane su zauna su ce daga nan za mu fara ƙirga. Faransawa sun daɗe suna farawa daga Paris, Ingilishi daga wata unguwa a gefen Landan. Da duniya ta yarda da na Ingilishi, Faransawa suka ja ƙafa shekaru kafin su saki nasu. Tsakanin layin biyu digiri biyu ne da minti ashirin, wanda a ƙasarmu ya haura kilomita ɗari biyu. Ko masu zana taswirar duniyar Mars da ke can sama, inda ba gari ba sarki, sai da suka zaɓi wani ƙaramin rami suka ce shi ne mafari, kafin su iya faɗin inda komai yake.

Na san duk wannan a bakin rijiyar, kuma ban ce uffan ba. Na gaya wa kaina ai ban ga takardar da idona ba, wataƙila dacen lamba ne. Gaskiyar ita ce maza talatin ne a tsaye, ni kaɗai mace, kuma na riga na saba da zaman taga. Na tsaya ina kallon dattijo yana naɗe takardarsa yana mayarwa cikin gwangwani. Cikin duk waɗanda na raina a ranar, akwai ni.

A mota na yi ƙarfin hali. Na ce, "Mushe, ko ka duba daga wane layi takardar ta fara ƙirga? Bambancin ya yi daidai da na Paris."

Ya juyo daga kujerar gaba, ya yi mini irin murmushin da ake yi wa yaron da ya kawo zane. "Madam, wannan ba aikin alli ba ne. Na yi horo a ƙasashe uku a kan wannan na'ura. Ki bar wa masu abin abinsu."

Sakatare ya ce, "Madam ɗinmu akwai ƙoƙari," suka koma hirar tsadar isansi, man mota.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mini nono duk ranar kasuwa, ashe surukar ardon ce. Na ba ta saƙo cewa ina roƙon Baba ya zo da takardar in gani. Kasuwa ta gaba sai ga shi a zaurenmu, ya yi sallama, maigidana ya shimfiɗa masa tabarma. Na buɗe takardar a hankali har naɗin ƙarshe. Gara ta ci gefe, tawada ta koɗe, amma a ƙasa, daidai kan karyar naɗin, ga kalmomi uku da kyakkyawan rubutu irin na da: gabas da Paris.

Na ɗauko lemo zan yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Na gane, ɗiyata. Wancan ya fara ƙirga taku daga ƙofar gidanshi, wanga ya fara daga tashi ƙofa. Rijiya tana inda take."

Abin da nake kwashe mako biyu ina cusa wa yara, shi ke nan. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Shi yaron nan, bai sani ba ne, ko ya sani ya ɓoye?"

Na ce, "Bai sani ba, Baba."

"Da ɓoyewa ya yi, da na fi ganin girmanshi."

Aka sa ranar zaman yanke magana a babban ɗakin taro na biron perfe. Ƙwararre ya zo da ordinata, wato kwamfuta, da na'urar haska bango. Ya kwashe rabin awa yana nuna mana hotunan taurarin ɗan Adam suna zagaye duniya, da hotonsa a wani taro yana riƙe da takardar shaida. Sannan ya haska taswira da jajayen ɗigo biyu, ɗaya a Kona ɗaya a ƙetaren iyaka, ya ja dogon layi tsakaninsu. Ya ce a ra'ayinsa na ƙwararre takardar ko dai ta jabu ce ko ta wasu mutane ce daban. Sakatare ya tambaya ko akwai mai magana, alhali ya riga ya fara rufe biro ɗinsa na rubutu.

Na miƙe. Muryar aji ce ta fito, wadda nake tsayar da yara sittin da ita.

"Mushe, tambaya gare ni. Na'urarka daga ina take fara ƙirga gabas?"

"Daga tauraron ɗan Adam, Madam."

"Tauraron yana auna nisa ne. Nisa daga ina?"

"Daga sifili."

"Ina sifilin yake?"

Ya dubi bango, ya dubi na'urar da ke wuyansa kamar za ta raɗa masa. Ya ce daga tsakiyar duniya ne, layin da ya raba arewa da kudu. Da ɗalibina ne ya ba ni wannan amsa da na sa shi ya kwafi darasin sau biyar. Na roƙi ardo ya kawo takardar, na shimfiɗa ta a teburin sakatare, na sa yatsa a ƙarƙashin kalmomin uku, na ce ya karanta wa jama'a. Sakatare ya karanta. Na yi bayanin cikin Hausa, a taƙaice, da misalin da ardo ya ba ni na ƙofofi biyu, na kuma faɗi cewa nasa ne. Sannan na ce wa ƙwararre ya ƙara digiri biyu da minti ashirin a kan lambar takardar ya sake dannawa.

Ya ce wannan ba ya cikin tsarin aikinsa. Mai garin ƙauyen da rijiyar take, wanda shi ma ya zo zaman, ya ce, "Danna mana mu gani, ai ba ciwo." Ya danna. Sai da ya yi sau biyu, don karon farko ya manta minti sittin ne ke cika digiri, ya haɗa su kamar kuɗin cefane. Jan ɗigon ya tashi daga ƙasar Sakkwato ya faɗo Kona, kusa da ɗan'uwansa har suna taɓa juna.

Na ɗauka zai yi shiru. Sai ya matso da taswirar, ya ƙara girmanta, har ɗigon biyu suka rabu kaɗan, ya juyo da fuska a sake. "Kun gani? Har yanzu ba daidai ba ne. Akwai kusan kilomita guda tsakani. A kimiyyance ba za a ce rijiya ɗaya ba ce."

Na ce masa mutumin da ya rubuta takardar taurari ya duba da agogon aljihu da ya sha tafiya a bayan raƙumi. Tunda duniya juyawa take, lokaci shi ne ma'aunin gabas da yamma, kuma kuskuren sakan biyu a agogon ya isa ya kawo wannan tazarar. Abin mamaki shi ne da ya matso haka. Mai gari ya ƙara da cewa daga wannan rijiya sai ka yi tafiyar rabin yini ba ka ga wata tsohuwar rijiya ba, in ƙwararre ya san wata a kilomita guda ya zo ya nuna musu su ma su sha.

A nan na ga abin da ban manta ba har yau. Sakatare ya gyara zama, ya buɗe bironsa, ya ce dama tun ranar farko shi hankalinsa bai kwanta da maganar Sakkwato ba. Ƴan kwamitin da suka gyaɗa kai a bakin rijiya suka sake gyaɗa shi, da irin saurin da suka yi wancan karon. Ɗaya ma ya ce shi ya taɓa jin labarin layin Paris a rediyo. Alhaji ne kaɗai ya tsaya kan bakansa, ya ce shi dai ya saya, kuma na ga mutuncinsa a kan haka.

Bayan wata biyu rapor, wato rahoton aikin, ya iso daga Yamai, mai bango mai sheƙi. A shafi na huɗu an rubuta cewa bayan zurfin bincike ƙwararre ya gano tsohuwar takardar tana ƙirga ne daga layin Paris, abin da ba kowa zai lura da shi ba. An yi shafi guda ana bayanin layin, an kwafo shi daga wani wuri har da kuskuren rubutunsa. Sunana yana can ƙarshe tsakanin na direba da na mai ɗinkin takardu, an rubuta tafinta a gabansa, an kuma ɓata harafi biyu. Diraktanmu ya karanta ya ce in yi alfahari, sunan kwaleji ya shiga rapor. Na ji daga baya ƙwararren yana ba da horo a Mayahi da wasu wurare a kan hatsarin tsofaffin taswirori, kuma labarin rijiyar Kona shi ne babban misalinsa, yadda ya ceci wasu bayin Allah makiyaya da kowa ya juya wa baya.

Hukuncin da aka yanke rabi da rabi ne, irin wanda kwamiti ke so. Rijiya ta koma ta kowa, aka ce alhaji ya janye wayarsa daga bakinta. Amma burtalin da takarda ta ambata ba a faɗi faɗinsa ba, don haka aka bar masa gefe guda, hanyar ta tsuke har shanu sai sun bi a jere. Ardo bai yi godiya ga kwamiti ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Ya aiko mini da ƙwaryar man shanu ta hannun surukarsa.

Ranar kafa turakun siminti na shata sabuwar iyakar na je, don Alhamis ce. Ƙwararre bai zo ba, ya aiko da jerin lambobi ta waya, aka buga a takarda aka ba magini. Maginin wani mutumin Tasawa ne mai ƴaƴa manya, ba shi da na'ura, ba wanda ya yi tunanin ba shi. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni, na ce masa lambobin wurin da za a kafa kowane turke ne. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya je wurin ardo da mai gari da wakilin alhaji ya ce, "Ku nuna min inda kuka yarda." Su ukun suka yi ta tafiya a gaba suna ja-in-ja a kan kowane taku, wani lokaci su tsaya a gindin kalgo su yi ta musu, in sun daidaita mai gari ya soka kara, magini ya bi da diga. Kafin la'asar an kafa goma sha biyu. Na zauna a inuwar motar da ta kawo mu ina gyaran takardun jarrabawar yara, ina jin ƙarar guga, don tun turakun ba su bushe ba shanu suka fara shigowa.